Hoton Karkara da Hannun Mai Miya

Wanda ya taso daga Kano ya nufi Katsina, da ya wuce Dawanau ya bar Bichi a baya, ƙasar Tsanyawa ce ke tarbarsa kafin ya tsallaka iyakar jihar. A wannan tsakanin ne fasinja ke gyangyaɗi ko ya duƙufa kan wayarsa, don a ganinsa babu abin kallo. Babu dutse irin na Kwatarkwashi ko Zuma, babu ruwa mai faɗowa daga bisa irin na Gurara, babu tsaunukan Mambila. Gona ce ke bin gona, kuka a nan, gawo a can, ɗorawa da tsamiya da darbejiya sun warwatsu har inda ido ya gaji, ga ƙauyuka jefi-jefi a tsakani. A ƙidayar 2006 mutanen wannan ƙaramar hukuma sun haura dubu 157, a kan ƙasar da faɗinta bai cika murabba'in kilomita 500 ba, wato sama da mutum 300 ke nan a kowane murabba'i. Inda jama'a suka yi wannan yawa ba a samun daji. Duk bishiyar da ka hango tana da mai ita, kuma ba mantuwa ce ta bar ta tsaye ba: wani ne ya gan ta tana tsiro ya kauce mata da fartanya.

Irin wannan ƙasa ta fi dutse wuyar ɗauka a hoto. Dutse kan yi wa mai kyamara rabin aiki, ko da tsakar rana aka ɗauke shi zai fito da kwarjininsa. Shimfiɗaɗɗiyar gona kuwa, in ka ɗaga waya ka latsa, abin da za ka samu layi ne guda a tsakiya, samansa fari fat, ƙasansa dishi-dishi. Saurayi zai tsaya a bakin gonarsu da yamma, kyan wurin ya ratsa shi, ya duba allon waya ya ga ba abin da idonsa ya gani ba ne. Sai ya buɗe manhajar gyaran hoto ya shiga ja. Ya ja kore har gero ya yi wani ƙyalli da babu ganyen da ke yin sa, ya ja sama har shuɗinta ya koma shunayya, ya ƙara kaifi har kowane kara ya fito da farin zane a gefensa. Su ne hotunan da ke cika Facebook da TikTok duk damina, an rubuta "garinmu" a ƙarƙashi. Son gida ne ya kawo haka, kuma ina girmama shi. Amma in aka jera maka na Tsanyawa da na Funtuwa da na Kafancan waɗanda aka yi wa wannan aiki, ba ka iya cewa ga na nan ga na can.

A wurina gyaran hoto da kaɗa miya aiki ɗaya ne, kuma miyar da ta dace da zancen ita ce ta kuka, tunda ganyenta da daddawarta daga bishiyoyin nan da muke son ɗauka suka fito. Duk wanda ya taɓa zama kusa da murhu ya ga gwanar mace na kaɗa kuka ya san abin ba ya son garaje. Ta daka daddawa da barkono da 'yar citta ta zuba a ruwa, ta bar shi ya yi ta tafasa har warin daddawar ya kwanta ƙamshi ya tashi. Sai ta janye itace ta rage wuta. Garin kukar ba ta juye shi gaba ɗaya, barbaɗawa take kaɗan-kaɗan, ta murza maburgi tsakanin tafukanta, ta sake barbaɗawa, don kada ya yi gudaji. Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta ƙara gishiri ɗan mitsitsi, ta sake lasa. Burinta wanda ya kai loma baki ya ji kuka, ya ji daddawa. Wata kuwa dunƙulen ɗanɗano take ɓarewa huɗu biyar ta watsa, sai ka tarar kukarta da kuɓewarta da taushenta duk bakinsu ɗaya.

Sai dai tun daga cefane miya ke gyaruwa ko ta lalace. Kukar da aka shanya a inuwa garinta kore ne shar, wadda aka baza a rana kuwa ta koɗe, kuma babu gwanintar da za ta dawo mata da abin da rana ta kwashe. Cefanen mai hoto haske ne. Mu nan muna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana na bi ta tsakar ka sosai, har sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da cikin Agusta, mutum kan tsaya da tsakar rana ya ga inuwarsa ta taru a ƙarƙashin ƙafarsa. A irin wannan haske gona ba ta da tudu ba ta da kwari, komai ya baje. Hasken da ke fito da surar ƙasa shi ne na kwance, wanda ke zuwa ta gefe ya haska ɓari guda na kunya ya bar ɗayan a inuwa, kuma a wurinmu ba ya jimawa. Masu koyar da hoto a Turai kan yi maganar awa guda ta jan haske safe da yamma, don can rana a karkace take hawa da sauka. Tamu miƙewa take tsaye ta faɗi tsaye. In ka sami rabin awa mai kyau ka gode Allah, tsakanin faɗuwarta da rufawar duhu kuma bai fi minti 20 da 'yan kai ba. Saboda haka mai son hoton safe daga sallar asuba zai zarce, ya riga ya san inda zai tsaya tun jiya. Na yamma kuma la'asar sakaliya ta same shi a wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya ce ƙasar nan ba ta da abin da ke girgiza mai kallo bai taɓa tsayawa a fili ya ga haɗuwar hadari a watan Yuni ba. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kowane manomi ya san haka, kuma sau da yawa da yamma yake haɗuwa, daidai lokacin da rana ta karkata. To ka ba rana baya. Gabanka sama ta yi baƙi ƙirin, bayanka haske na zubowa a kwance, sai ka ga jikin kuka ya ɗau haske yana sheƙi, sabuwar shuka ta fito sarai a kan rairayi, balbelu su gilma farare tas ta gaban baƙin gajimare. 'Yan mintuna ne kawai, da iskar gaban hadari ta iso ƙura ta turnuƙe, shi ke nan an tashi. Abin da samari ke wahalar ƙirƙirowa da yatsa a kan allo ga shi nan a fili, sai dai yana neman wanda zai jira shi. Sani Maikatanga, mai ɗaukar hoto na Kano, da ya ci gasar Wiki Loves Africa ta 2023, da hoton ambaliyar Auyo ta Jigawa ya ci, kuma ƙarfin irin wannan hoto daga zuwa wurin yake a lokacin da abin ke faruwa. Abu ɗaya dai: in walƙiya ta matso, kada a fake a gindin doguwar bishiya tilo a tsakiyar fili, nan tsawa ta fi faɗawa.

Hunturu nasa daban ne. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi takan lulluɓe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, masu hoto da yawa su ajiye kyamara su ce babu haske. Ni kuwa a lokacin ne nake ganin zurfin ƙasar Tsanyawa ya fi bayyana. Hazo kan jera bishiyoyi sahu-sahu, ta kusa baƙa, ta bayanta toka-toka, ta can nesa alama kawai, abin da ba ka samu da damina sa'ad da iska ta wanke komai ya fito daidai wa daida. Mai dogon gilashin da ke jawo nesa, nan ne ranarsa. Akwai maɓalli a manhajojin gyara da aka yi musamman don kawar da hazo, kuma jan sa a hoton hunturu daidai yake da tsame daddawa daga miya don wai tana da wari. A dai riƙa goge gilashin waya da ƙyalle mai taushi kafin a ɗauka, mai babbar kyamara kuma kada ya sauya gilashi a cikin iska.

Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana son a ba ido abin kamawa a kusa. Kunyoyin da garmar shanu ta ja layuka ne masu shiga da mai kallo cikin hoto, in ka durƙusa har wayar ta kusa taɓa ƙasa ka bar su suka nufi wata bishiya. Haka burtali mai shingen aguwa, sawun amalanke a rairayi, dammunan gero da kaka, rumbu da jinkarsa, harawar da aka ɗora tsakanin rassa don kada awaki su kai gare ta. Layin da sama ta haɗu da ƙasa kada a bar shi a tsakiya ba dalili. In labarin a sama yake a ba ta kaso biyu cikin uku, in kuwa fara ce fayau a rage ta, kuma a tabbata layin bai karkace ba. Girman kuka ba ya fitowa sai an ga mutum ko jaki a gindinta.

Idon mutum na ganin farin gajimare da duhun gindin tsamiya a lokaci guda, kyamara ba ta kai nan ba, dole ta zaɓi ɗaya. Ka zaɓar mata. Taɓa allon a inda sama ta fi haske, ka rage hasken har zanen gajimare ya fito, ko da gonar ta yi duhu. Duhu ana buɗe shi daga baya a sami abin da ke ciki, amma farin da ya ƙone babu komai a cikinsa, duk yadda aka ja toka-toka kawai zai koma. Miyar da gishiri bai ji ba ana ƙara mata a kwano, wadda ta kama ta yi ƙauri kuwa sai haƙuri. In tazarar ta yi yawa, a kafa kyamara a kan maƙafa uku a ɗauki wuri ɗaya sau uku, mai duhu da matsakaici da mai haske, a haɗa su daga baya. Waya na yin wannan da kanta da sunan HDR, sai dai takan wuce gona da iri ta share inuwa gaba ɗaya, alhali inuwa ce ke ba hoto jiki.

Hoton da waya ke miƙo maka kai tsaye, wato JPEG, dafaffe ne, an riga an sa masa gishiri da yaji a cikin na'urar kafin ka gan shi. Matakin haske 256 kawai yake riƙewa a kowane ɗaya daga launukansa uku, ja da kore da shuɗi. Fayil ɗin RAW, wanda manyan kyamarori da wasu wayoyi ke bayarwa in aka shiga sashen ƙwararru na kyamarar, yana riƙe mataki 4,096 ko 16,384. Da farko za ka gan shi lami, ba armashi, amma duk kayan miyar na ciki, kai za ka dafa. Shi ya sa in aka matsa wa JPEG da gyara sararin sama kan tsattsage ya yi zobba-zobba, don ɗumame ake yi ba girki ba. Snapseed, wadda Google ta saya a 2012, kyauta ce kuma tana buɗe irin wannan fayil, Lightroom ta waya ma tana buɗe shi. Wanda wayarsa ba ta bayar da RAW ba a bar shi a baya ba, hannunsa ne dai zai ƙara sauƙi.

Gyaran kansa da launin haske ake fara shi. Kyamara na ƙoƙarin mayar da kowane haske fari, sai ta wanke jan yamma, ta wanke ruwan ƙasa-ƙasan hunturu, wato ainihin abin da ya tsayar da kai. Ka mayar da shi yadda ka gan shi. Daga nan a sauko da wuraren da suka fi haske, a ɗan buɗe masu duhu, amma a bar wani wuri baƙi sosai, wani fari sosai. Sai aikin da ya raba gwani da ɗan koyo, shi ne gyaran wuri-wuri maimakon na gaba ɗaya. Ido inda ya fi haske yake fara zuwa. In hanyar da ta ratsa gona kake son a bi, ɗan haska ta, ka ɗan duhunta sama daga can bisa tana sassautowa zuwa ƙasa, ka rage hasken wata farar leda ko kwanon rufi da ke fizgar ido a gefe. Kowanne kaɗan-kaɗan, sau da yawa, irin barbaɗin garin kuka. In an yi gaggawa alamar ba ta ɓuya: farin zobe zai kewaye kan bishiya a inda ta haɗu da sama, gudajin hoto ke nan, kuma duk wanda ya san aikin da shi yake fara cin karo.

Inda aka fi ɓarna shi ne kore. Mai miyar kuɓewa ko karkashi takan jefa 'yar kanwa don ganye ya riƙe launinsa yauƙi ya tashi, amma da farce take gutsura. In hannunta ya zarce, miyar ta yi bauri ta ɓata cikin mai ci. Maɓallin kaurin launi kanwa ne. Ka tsaya a gonar Tsanyawa cikin Agusta ka ƙirga koren da ke gabanka: na gero daban, na dawa mai faɗin ganye daban, gyaɗa ta shimfiɗa nata a ƙasa, wake na ratsawa tsakanin kunyoyi, darbejiya ta yi duhu, sabara a bakin gona toka-toka. Wannan bambancin shi ne labarin gonar. Shi ke nuna manomin nan gauraya shuka yake, don in wannan ya ƙi wancan ya yi, kuma wake da gyaɗa su mayar wa ƙasa abin da hatsi ya ci. Da ka ja maɓallin zuwa ƙarshe duk sai su narke su zama kore ɗaya, hikimar mutumin ta ɓace daga hoton. Ƙasar ma haka, jigawa ce mai rairayi, launinta tsakanin fari da ja-ja, ana matsa mata sai ta koma jar ƙasar wani yanki. Manhajojin nan suna ba da damar taɓa kowane launi shi kaɗai. Sau da yawa abin da gona ke so shi ne a ɗan rage kaurin kore a ɗan haska rawaya, don rabin abin da muke kira kore a ganyen da rana ta haska rawaya ne.

Kada a ɗauka ina cewa a ci miya lami. Ansel Adams, Ba'amurken da har yau ake koyi da shi a hoton ƙasa, ya ɗauki shahararren hotonsa na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez na jihar New Mexico ranar 1 ga Nuwamba 1941. Sau ɗaya ya samu ya latsa, kafin ya sake rana ta janye daga kan ƙauyen. Ya wanke wannan hoto da hannunsa fiye da sau 1,300 a tsawon rayuwarsa, kuma wanda ya gwama na farko-farko da na baya zai ga sama ta tashi daga toka-toka ta koma kusan baƙa ƙirin. A ɗakin duhu yake tare haske da hannu a wani wuri, ya ƙara shi a wani. Gyara ne mai nauyi ƙwarai. Amma watan na wannan maraice ne, ƙauyen na nan, gajimaren na nan, abin da ya yi shi ne ya matsa abin da ke ciki har mai kallo ya ji abin da shi ya ji a bakin hanyar.

Aron sama kuwa wani abu ne daban, ko da yake shi ma tsoho ne. Tun a 1856 da 1857 Gustave Le Gray na Faransa yake haɗa gilashin hoto biyu, ɗaya na teku ɗaya na sama, don kayan aikin zamaninsa ba sa iya kama su tare, har yakan sa sama guda a hotuna daban-daban. Abin da ya sauya shi ne sauƙi. Daga 2020 Photoshop ta sa maɓallin da ke cire sama ya liƙa wata a cikin daƙiƙa, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta kawo shi cikin wayoyi. Na ga wani ɗan'uwanmu matashi ya ɗauki gonar kawunsa cikin sanyin Janairu, ya liƙa mata hadari, ya kai wa tsohon yana murna.

"Kawu, ga gonarka na ɗauka."

Tsohon ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa. "Kai ɗan nan, wannan ba tawa ba ce."

"Wallahi taka ce, Kawu. Ga kukar bakin burtali can."

"Kukar na gane ta. Amma gawo cike da ganye, harawa na bisa reshe, sannan ga hadarin marka? A wace shekara aka yi haka?"

Gawo da damina yake zubar da ganye, ya tofo da rani, shi ya sa manomi ke son sa a tsakiyar gona: ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Hadarin farko kan iya riskar sa da sauran ganye, amma kafin nan an cinye harawa an yi sharar gona. Tsohon bai san sunan manhaja ko ɗaya ba, kallo guda ya gane watanni biyu ne aka cusa a hoto ɗaya.

Ban ce kada a yi ba. Wanda ya sayo miya a kasuwa ya juye a kwanon gida bai yi laifi ba, sai in ya ce wa baƙo girkin gidan ne. Mai son haɗa hoto don ado ya haɗa, ya faɗa. Masu aikin jarida sun daɗe da shata wannan iyaka. Mujallar National Geographic ta sha suka a 1982 da ta matso da wata dalar Giza kusa da 'yar'uwarta don su shiga bangonta, a gasar World Press Photo ta 2015 kuma an fitar da kusan ɗaya cikin biyar na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. Ma'aunin mai sauƙi ne: a haska, a duhunta, a daidaita launi, amma kada a sa abin da babu, kada a cire abin da ke nan.

Dalilin da ya sa na damu da wannan ya wuce kyan gani. Hoton ƙasa shaida ne, kuma a yankinmu an taɓa buƙatar shaidarsa. Shekara da shekaru ana faɗa cewa yawan jama'a ne ke cinye bishiyoyi ya jawo hamada. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero, ya fara nazarin karkarar Kano mai cunkoso tun shekarun 1960, yana gwama hotunan sama na shekaru daban-daban da abin da ya tarar a gonaki, ya nuna manoman nan na riƙe da bishiyoyinsu da ƙarfin ƙasarsu duk da yawansu. A Nijar ma haka aka yi. Bayan aikin da Tony Rinaudo ya fara da manoman Maraɗi a 1983 na barin kututture ya tofo a rene shi, sai da Gray Tappan ya jera hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na wajen 2005 kafin duniya ta yarda cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin bishiyoyi, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram, gawo na cikin na gaba-gaba. Da waɗancan hotuna an yi musu ƙarin gishiri, da ba su yi wannan amfani ba. Hoton da yaro ya ɗauka yau a bayan garinsu, nan da shekara 40 shi ne zai nuna ko ɗorawar nan tana nan, ko fadamar ta janye, ko gidaje sun cinye gonar. Don haka ko me za ka yi wa hoto, ajiye na asalin, kada ka gyara a kansa.

Mai girki ta san harshe na mutuwa in an yawaita ɗanɗana, shi ya sa takan miƙa wa wani ludayi ta ce ji min. Ido ma haka yake, bayan minti 10 a kan allo koren da ya yi yawa sai ya zama daidai a wurinka. Ajiye wayar, ka yi wani abu, ka dawo, yawanci za ka rage rabin abin da ka sa. Kada a yi gyara a cikin rana ko da hasken allo a ƙure. In za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, don in an tura shi a hoto manhajar na matse shi, sararin sama ne kuma ke fara lalacewa. In za a wanke a takarda a ɗan ƙara haske, takarda ba ta da fitila a bayanta irin ta allo.

Gona kuma ba ta kowa da kowa ba ce. A yi sallama, a gaida mai ita, a ce Baba ina son in ɗauki bishiyar nan, a bi ta kwarin kunya kada a taka shuka, kada a juya kyamara wajen mata ko cikin gida ba da izini ba, in an wanke a kawo masa nasa. Da za a tambaye ni aikin da ya fi dacewa da saurayin Dumbulum ko Gurun ko 'Yankamaye a ƙasar Tsanyawa mai waya a hannu, sai in ce ya zaɓi gawo guda, ya kafa dutse a inda zai riƙa tsayawa, ya ɗauke shi daga nan a sa'a guda ta yini: da bazara kafin shuka, da marka, da kaka, da tsakiyar hunturu. Ya rubuta kwanan wata da sunan wurin a kan kowanne, ya yi musu gyara da ma'auni ɗaya. In ya ƙara wa na damina kore ya cire wa na hunturu hazo, jerin ya tashi a banza, don mai kallo ba zai san wane bambanci ne na shekara, wane ne na yatsa ba.